Talotalon da Ya Je Ofishin Jiha

A San Bartolo kowa Tiyo Melitón yake ce masa, wato kawu, har waɗanda suka girme shi. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, manomin kofi gaba da baya. Boko kam bai yi nisa ba, amma a al'ada babu na biyunsa. Shi ake sakawa gaba in za a je neman aure, shi ake aikawa in ana son wani ya riƙe jariri a coci ranar baftisma. Ya san yadda ake cika kwandon roƙo: burodi, cakulan, kwalbar giyar meskal, sannan talotalo da fure a wuya. Ya kuma san abin da kowa a garinmu ya sani, cewa in aka mayar maka da kwandonka magana ta mutu, sai ka kama hanyar gida.

Shekarar da taron gari ya damƙa masa sandar shugabanci, magana ɗaya ce a bakin mutane, gada. Rafin da ya raba mu da titin mota da rani ko akuya tsallake shi take yi. Da damina kuwa, wayyo, sai ya rufe mu kamar an kulle ɗaki. Gwamnatin tarayya ta ce za ta ba da kuɗin gada, amma sai gari ya fara ajiye nasa kason. Mu da ba mu da komai sai ƙarfin aikin gayya, ina za mu samo? Sai labari ya zo cewa jiha ta buɗe asusu don garuruwa irin namu. Ita za ta biya mana kason, na tarayya ya biyo baya. Abin da ake so kawai, shugaban gari ya je da kansa ya sa hannu kafin shekara ta fita.

Matarsa Tiya Crispina ta same shi a tsakar gida yana ɗaura wa talotalo jan fure.

"Kai kuma ina za ka da shi? Auren gwamnati za ka nemo?"

"Mace, roƙo za ni. A gidan wa kika taɓa ganin na shiga roƙo hannu rabbana?"

"Can ba gidan kowa ba ne."

"Ko'ina akwai mai gida," in ji shi, ya saɓa kwando.

Ofishin cike yake maƙil da shugabannin garuruwa da 'yan ƙungiyoyin taimakon jama'a, kowa rungume da takardu. Da layi ya zo kansa, Melitón ya cire hula, ya ajiye kwandon a gaban ma'aikaciyar, wata matashiya mai gilashi, Araceli. Ya gyara murya ya fara jawabin da ya sha sa iyayen 'yan mata hawaye. Bai kai rabi ba ta miƙe zumbur.

"Baba, ka rufa mini asiri! Mene ne wannan? So kake a kore ni daga aiki?"

Wani daga bayan layi ya ce, "Yau ga cin hanci mai fukafukai!" Ofis ya ɗauki dariya. Talotalo ya firgita, ya tsinke igiya, ya haye tebur, ya yi abin da ya ga dama a kan takardun mutane. Melitón, mutumin da ake miƙewa in ya shigo taro, ga shi a durƙushe yana jawo tsuntsu daga ƙarƙashin kujera. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Cin hanci! Shi da bai taɓa ɗaukar ko masara ɗaya a gonar wani ba.

Yana bakin ƙofa Araceli ta ɗaga murya: "Ka kai shi waje ka dawo, Baba, mu gama!"

Ya ji ta sarai, kada wani ya ce bai ji ba. Ya tsaya a bakin titi da kwando a hannu, ya dubi ƙofar nan, ya tuna fuskokin da ke ciki. Ƙafarsa ta ƙi. Ya nufi tashar mota.

A taron gari bai tsawaita ba. Ya ajiye kwandon a tsakiya ya ce, "An mayar mana." Dattawa suka girgiza kai, aka zagi mutanen birni, aka watse. Babu wanda ya tambaye shi ƙarin bayani, domin maganar a fili take. Crispina kaɗai ya faɗa wa gaskiya, ita kuma ta hana shi sakat.

"Ka koma mana, Melitón. Dariya ce fa, ba harsashi ba."

"Gobe."

Goben nan ta yi ta zuwa har shekara ta fita. Talotalon kuwa ya kasa yanka shi, ya kasa sayarwa. Yana nan a tsakar gida yana baza wutsiya, mutane suka raɗa masa suna Lauya, wai ya taɓa shiga ofishin jiha. Duk sanda ya yi kuka sai Melitón ya sunkuyar da kai.

Damina ta biyu, amininsa Nicanor, wanda ya riƙe masa 'yarsa a coci har suke kiran juna kompadre, ya ɗora wa alfadarinsa buhunan kofin da ya adana yana jiran farashi. Ya ga ruwa ya ɗan ja, ya shiga. Igiyar ruwa ta ɗauke alfadari da kaya a gabansa, shi ma da ƙyar aka fizgo shi. Alfadarin nan shi ne motarsa, shi ne abincin gidansa. Melitón ya je jaje, Nicanor ya riƙe masa hannu ya ce, "Ba komai, kompadre. Kai ka yi naka, su ne suka ƙi mu." Melitón ya zare hannunsa a hankali, ya kama hanyar gida.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Da rani, wata Lahadi bayan an fito coci, mota ta tsaya a dandalin gari. Araceli ce, tana zagayen garuruwan da ba su karɓi kasonsu ba. Tana hango Melitón ta washe baki, babu mugun nufi ko kaɗan a ranta.

"A'a, Baba mai talotalo! Ina ka shige? Na ce ka dawo, na yi ta jira. Kason garinku na riƙe shi har ƙarshen shekara, ba yadda na iya aka mayar."

Kowa a dandali ya ji. Ba wanda ya zage shi, kuma wallahi da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da hula a hannu, kunya ta daskarar da shi. Nicanor ne ya matso, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kompadre, rana ta yi zafi. Mu koma inuwa."

Da aka sake buɗe asusun, sabon shugaban da aka zaɓa ya je birni hannu rabbana, ya sa hannu, jiha ta biya kaso, tarayya ta sako nata. Aka fara aikin gayya. Tsofaffi an ɗauke musu ɗaukar dutse, amma Melitón shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, har kafaɗarsa ta saɓule. Ranar buɗe gada ya yanka Lauya, Crispina ta dafa shi a miyar mole aka kai wa ma'aikata. Naman ya tsufa, ana ta ja da haƙori ana dariya. Shi bai ɗanɗana ba.

Gadar tana nan, motoci na shiga har dandali. Amma har yau, in Tiyo Melitón zai je titi, sai ya gangara ƙasa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa. In rafi ya cika, ya fasa tafiyar. 'Ya'yansa sun yi faɗa sun gaji. Rannan Nicanor ya leƙo daga saman gada, ya gan shi ruwa har gwiwa yana dogara sanda.

"Haba kompadre, don girman Allah ka hau. Rabin duwatsun nan fa kai ka ɗauko."

Melitón bai ɗago kai ba. Ya ce, "Alfadarinka bai hau ba, kompadre," ya ci gaba da laluben inda zai sa ƙafa.