Badaru Magini da Bangon Baba Cindo

Duk wanda ya shafa bangon tsofaffin gidajen da Badaru ya gina a Dakoro zai ji wani siririn tudu daidai ƙugu, tun daga zaure har bayan gida. Mutane sun ɗauka ado ne. Badaru bai taɓa gyara musu zance ba.

Shi ne ɗan farin Baba Cindo, manomin gero da ciwon ido ya makanta tun Badaru yana saurayi. Makanta ba ta zaunar da tsohon ba. Gidansa darnin kara ne, ya san kowace dirka da tafin hannunsa: mai ƙulli nan ne kwanar makewayi, mai tsaga ita ke kai shi garkarsa ta yakuwa da kuɓewa. Ko sanda ba ya riƙewa a cikin gida.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, Badaru ya dawo daga Maradi ya iya gini, kansa ya yi girma. Magini guda, ubansa na kwana cikin kara? Abin kunya! Ya tumɓuke darnin kaf, ya ja katangar laka, ya mayar da makewayi can gabas, ya sa dokin ƙofa mai tsawo saboda ruwan damina. Yaɓen kuwa sumul, kamar bayan ƙwarya. Har daga garin Mai Yara aka zo kallo.

Baba Cindo bai ce uffan ba. Ina zai ce? Tsakanin uba da ɗan fari sai kawaici, ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "mutumin nan". Ya sa albarka ta bakin ƙanwarsa Dela, wadda ke yi masa tuwo, ya shige ɗaki. Badaru kuwa ya ɗauka hutu ne ya samar wa tsohonsa.

Damina ta wuce, garka ta zama ta awaki. Tsoho ya rame. Badaru ya tare Dela a zaure.

"Gwaggo, Baba ba ya shan furarsa. In kai shi likita?"

Dela ta ce, "Ɗana, lafiyarsa lau. Ruwa yake gudu, don kada fitsari ya kama shi ya ce wata ta ja shi makewayi. Ka shafe masa gida, bai san inda yake ba."

Badaru ya shiga cikin gida. Ya rufe ido ya ɗora hannu a bangon da yake taƙama da shi, ya bi. Ko'ina ɗaya. Bai yi nisa ba ya ci tuntuɓe da dokin ƙofarsa. A nan ya zauna ya yi kuka, ƙato da shi.

Washegari ya kwaɓa ƙasa. Ya fasa dokin ƙofa, ya ja tudun nan a jikin bango, ya dasa tsakuwa a kwanar makewayi, fasasshen kasko a hanyar garka. Da ya bushe, Dela ta ɗora hannun yayanta a kai.

Yatsun tsohon suka gane nan take, har ya yi murmushi. Sai dai ƙafafun da suka shekara a tabarma sun riga sun mutu. Ya kai tsakuwar, ya jingina, ya sulale ƙasa. Kaskon bai taɓa kaiwa gare shi ba, har Allah ya karɓi abinsa kafin girbi.

Da tsohon ya zage shi, da Badaru ya samu sauƙi. Amma ranar da ya sulale ɗin, a zaunen nan, yana haki, sai ya juya wajen Dela ya ce, "Ki gaya wa mutumin nan hannunsa na da kyau."

Badaru ya tsufa yana gini. Mai gida ya so ko bai so ba, sai ya ja masa tudun nan. Kuma duk ranar da aka yaba masa hannu, sai ya tattara kayansa ya tafi gida bai ci abinci ba.