Tsarabar da na kai wa karen Baba

Ko na tsufa har na fara manta sunayen jikokina, abu ɗaya ba zai fita raina ba: lokacin da na kusa kashe karen Baba da hannuna, ni a ganina alheri nake yi.

Baba manomi ne a Tirmini. Tun da idonsa ya fara raguwa, wani jan kare mai yankakken kunne ne ke shige masa gaba zuwa gona, ya tsaya in akwai rami, ya yi haushi in ya ga maciji. Ba ya shiga cikin gida, wurinsa bakin garken tumaki. Amma kullum Baba da kansa yake dama masa dusa da ragowar tuwo, kuma sai ya shinshina kafin ya ajiye masa. Mukan yi masa tsiya, mu ce ko mu ƴaƴansa ba ya duba mana kwano haka.

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, gaskiya kaina ya ɗan kumbura. Na ga maƙwabciyata, wata Kirista ma'aikaciyar asibiti, tana zuba wa karnukanta biyu wasu ƴan dunƙule-dunƙule daga buhu mai hoton kare. Nan take na ce ai karen ubana ya gama cin dusa. Na tambaye ta shagon, na sayo buhu guda a tsakiyar damina, na ɗora a mota sai ƙauye.

Baba ya zura hannu ya ɗebo, ya kai hanci ya shinshina.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kamar warin rumbun da ruwa ya shiga nake ji."

Sai na tuntsire da dariya. "Haba Baba, haka ƙanshinsa yake. Da nama da kifi fa a ciki, inji ne ya haɗa shi."

"To. Allah ya yi miki albarka."

Bayan kamar mako biyu, da safe ina shirin lakwal, maƙwabciyata ta shigo idonta jawur. Karenta ɗaya ya mutu, ɗayan yana wurin likitan dabbobi. Ta ce karnuka ake ta kai masa daga unguwa-unguwa, duk abincin buhun nan suka ci. Laima ta kama shi a inda aka ajiye, ya yi fumfuna, ita ke cinye musu hanta. Sai na tuna irin buhun nan na kai wa karen Baba. Ban ma san yadda na kai tasha ba.

Na tarar da Baba zaune a ƙasa bakin garke, karen kwance kusa da ƙafarsa, idanunsa sun yi ɗorawa, ko wutsiya bai iya kaɗa mini ba. Kwana uku Baba bai taka gona ba, ga ciyawa tana cin hatsi, don ba mai yi masa jagora. Na nannaɗe karen a tsohon bargo na shiga mota da shi. Fasinjoji suka yi ta tsaki, mace da hijabi rungume da kare. Ko kallonsu ban yi ba.

Kwana biyar likita yana ƙara masa ruwa. Ya tashi, a rame kamar kara, amma ya tashi. Ranar da na mayar da shi, Baba ya shafa yankakken kunnen nan yana ta hamdala. Sai na kasa haƙuri, na ce, "Baba, tunda ka ji warin, don me ka ba shi?"

"Tsarabarki ta fari ce, uwata, ta yaya zan ce ki mayar? Kuma da kika yi dariya, sai na ce wataƙila hancin ma ya bi idon."

Na juya baya na yi kuka mai isata. Ashe dariyata ce ta sa mutumin da ya shekara hamsin yana shinshina hatsi ya daina yarda da hancinsa. Karen ya ƙara shekara huɗu yana kai shi gona, a kan dusa da tuwonsa. Ni kuwa tun ranar na koya: in babba ya ce abu yana wari, ba na yin dariya, sai in kai nawa hancin tukuna.