Tsohuwar Kwamfutar Hamma Babayo

Shekara shida ke nan da muka kai yayana, Hamma Babayo, makwancinsa, kuma har yau in na bi ta gaban asibitin da ya yi wa aiki a Tudun Wada sai raina ya ɓaci.

Shi ya haɗa kwamfutocin asibitin da na rassansa biyu, ɗaya a Manawashi, ɗaya kusa da kasuwa. In an ɗebi jininka a can, likita zai ga sakamakon a nan. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙara kamar injin markaɗe. Duk sabuwar manhajar da aka kawo, sai ya fara gwada ta da wannan tsohuwar. In ba su fahimci juna ba, ba zai ɗora ta ba, ko wa ya aiko da ita. Abokan aikinsa suna kiransa mai jinyar tsohuwa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na taya su dariya. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Irinta ce a Manawashi. In wannan ba ta gane ba, waccan ma ba za ta gane ba."

Bai shekara a ƙasa ba aka kawo ɗan kwangila. Ya ɗora sabuwar manhaja a babban asibitin, aka ɗauki hoto, ya kama gabansa. Rassan aka bar su da manhajarsu ta da. Tsohuwar Hamma kuwa aka miƙa wa 'yan gwangwan.

Bara ciwon sikila ya tasar wa 'yarsa Ummi. Bayananta duk suna reshen Manawashi, har da gargaɗin da mahaifinta ya shigar da hannunsa, cewa akwai allurar da jikinta ba ya karɓa. Da muka kai ta babban asibitin aka buga lambarta, sunanta ya fito, gargaɗin bai fito ba. Sabuwar manhajar ba ta san gurbin da tsohuwar ke ajiye gargaɗi ba, sai ta watsar da shi, ba ta sanar da kowa ba. Aka yi mata allurar. Kwana huɗu muna tsaye a kanta kafin ta buɗe ido.

Da na je neman bayani, shugaban sashen kwamfuta ko kunya babu ya ce mini, "Sai haƙuri, Malam, ci gaba ne ya zo da haka."

Da Hamma zai leƙo yau, na san ba zai ɗaga murya ba. Babur zai hau ya zaga rassan ɗaya bayan ɗaya, har ya tabbatar kowace kwamfuta tana jin 'yar'uwarta. Ni ba ni da haƙurinsa, kuma wallahi ban yafe ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Hamma. Na duba abin da ya rage na aikinka, ban samu komai a asibitin ba. Abin da ya rage yana jakar Ummi: 'yar takarda a cikin leda, na rubuta sunan allurar da biro. 'Yar mutumin da ya haɗa asibiti uku ba ta fita ko nan da ƙofar gida sai da ita.