Tiren Yaya Asabe da Kular da Ban Aika Ba

Shekara tara ke nan cif da muka rasa Yaya Asabe, Allah ya jiƙanta. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ta ƙare rayuwarta tana koyar da 'yan nazare a wata ƙaramar makaranta a Jos, tsakanin Anguwan Rogo da Nasarawa Gwom. Ajinta kamar kasuwar Bukuru yake: ga 'ya'yan teloli Hausawa, ga na Birom da Angas, ga na Yarbawa makanikai, kowa da majinarsa.

Abin da aka san ta da shi tire ne, wani ƙato mai fure da ta zaro cikin kayan aurenta. Da safe ita ke tsayawa bakin ƙofa tana karɓar kular abincin kowane yaro da hannunta. Ƙarfe goma sai ta shige bayan labule da kulolin, ta juye komai a tiren nan, acca, ƙosai, masa, dankalin turawa, ta fito da shi yara su kewaye. Nama kaɗai ta hana kawowa, kowane iri, don kada wani ya sami abin faɗa. Mun sha tsokanarta cewa gidan abinci ta buɗe, ba aji ba. Dariya kawai take yi.

Da gari ya rikice, unguwanni suka rabu, sai matan layinmu suka sa ni gaba, wai 'yata Hauwa'u na cin girkin gidajen da ba mu san tukunyarsu ba. Ni kuwa zuciyata ba ta kai tata ba, na cire yarinyar. Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗiyarki ce, Binta. Amma kular ki ci gaba da aikowa, akwai mai jiranta." Na ɗauka baƙar magana ce. Ban aika ba ko sau ɗaya.

Sai bayan shekaru da yawa, ranar sadakar ukun Yaya, na gane. Wata mata daga Nasarawa Gwom, Maman Dung, ta ratso unguwarmu a lokacin da mutanensu ba sa shigowa, ta durƙusa gabana tana kuka. "Mama, da oga na ya mutu, wata shida ina kai Dung makaranta da kula ba komai ciki, don kar a yi mana dariya. Malama ta sani, daga ɗagawa take ganewa. Ba ta gaya ma kowa ba, har shi yaron bai sani ba." Ashe amfanin labulen ke nan. Watannin kuwa sun faɗo daidai lokacin da na riƙe tawa kular a gida. Har yau in na tuna, kunya ke rufe ni.

Me Yaya za ta ce da ta ga Jos ta yau? Makarantun yara sun yi yawa, kowace unguwa da tata, ga fenti ga turanci. Amma ɗanmu kan shiga firamare bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ɗan mai zuwa coci ba, na can ma haka. Ba na zagin iyaye, tsoro ne, kuma na san ɗanɗanonsa. Ita ma ba na jin za ta yi dogon wa'azi. Tambaya za ta yi ko wane ne ke tsayawa bakin ƙofa yana ɗaga kula.

Yaya ba ta bar wa kowa gadon gida ba, ba ta bar fili ba. Tiren ta bari, kuma yana nan, domin Malama Kangyang, abokiyar aikinta, ba ta yarda an jingine shi ba, ko da yake furen ya goge, yaran ɓangarenmu da ke kewaye shi kuma ba su da yawa.

Makon jiya Hauwa'u ta zo neman shawarar inda za ta sa 'yarta mai shekara uku. Maƙwabta sun fara yi mata irin maganar da aka yi mini. Na ce ta kai ta ajin tiren. Ta ɗago ta dube ni. "Umma, ke fa kika cire ni."

Na ce ni ce. Ran Litinin ni zan raka su, da kula biyu a hannuna.