Sunan da Ya Ƙi Goguwa

Ina zaune a wani ofishi ina jiran takardata, idona na kan mutumin da ke haɗa musu sabuwar manhaja, wadda da kalmar sirri ɗaya ma'aikaci zai shiga ko'ina. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ina jin ya daɗe da sabawa da zama shi kaɗai.

Sakatariya ta leƙa allon kwamfutarsa, ta ja da baya.

"Malam, ai wannan sunan tsohon manajanmu ne. Ya rasu tun bara."

"Na sani, Hajiya. Sau uku ina goge shi." Ya nuna mata wani fayil. "Sunayen masu izinin shiga a nan suke, ba a cikin manhajar ba. Ni kaɗai ke iya buɗe shi."

"To wa yake mayarwa?"

Allon na nuna mai sunan ya shiga ƙarfe takwas na safiyar yau. Mai haɗa manhajar ya janye hannunsa, ya gyara zaman hularsa, ya dubi sunan mamacin, ya ce a hankali, "Barka da fitowa, ranka ya daɗe."