Yadda Na Sayi Jan Rawani da Hannun Baffana

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, a Birnin Gwari, tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba. Ga ƙirji, ga damtse, ga bakin tsiya, ga kuma wata muguwar ɗabi'a da ban gane ciwo ce ba sai daga baya: ban yarda da kowa ba. In mutum ya gaishe ni da fara'a sai in ce me yake nema, in ya wuce bai gaishe ni ba in ce me aka gaya masa a kaina. Yanzu na tsufa, ido ya tafi, wani malami maƙwabcina ne ke rubuta mini wannan. Abin da ya sa na matsa masa shi ne samarin unguwarmu da nake ji kullum suna gardama a ƙofar gida, wannan ya ce soja zai shiga, wancan ya ce ɗan sanda. Ni ma na taɓa tsayawa a nan, kuma na yi ɓarnar da har yau ban gama kuka a kanta ba.

A zamaninmu saurayi mai ƙarfi da ba ya son ƙarewa a gona hanya biyu gare shi. Ko ya shiga 'yan baka, mayaƙan da ke tsare ganuwa suna fita daji tarar mahara, ko ya shiga dogarai, masu kama ɓarawo da raba faɗa a kasuwa da tsare wanda aka kama. Mahaifina ya rasu ina yaro, ƙaninsa ne ya riƙe ni, shi ke riƙe da gandunmu kuma. Baffan nan nawa ɗan baka ne da ake ji da shi, mutum marar yawan magana. Ya kira ni ya ce in bi shi, domin hannuna na jan tsirkiya ne. Ya ce aikin dogari yana son mutum mai sanyin zuciya, wanda zai ji magana ya kwana da ita, ni kuwa ba haka nake ba. Mahaifiyata ita kuma dogari take so, don ta ce ko ba komai dogari a gida yake kwana.

Ni raina yana wajen jan rawanin dogarai, ba zan ɓoye ba, don na ga yadda kasuwa ke darewa in sun shigo. Amma maimakon in ce wa baffa ga abin da nake so, sai na zauna ina saƙa mugun zare. Me ya sa yake son tura ni bakin kibiya, ga ɗansa na cikinsa sa'ana, bai ce masa ya ɗauki baka ba? Na ce lallai so yake in mutu a daji, rabon ubana na gona ya koma wa 'ya'yansa. Wallahi ba wanda ya gaya mini haka, ni na ƙera abina, na kuma yarda da shi kamar da idona na gani. Tun daga ranar, ko tuwo aka kawo daga ɗakin matarsa sai na shinshina.

Na je wajen sarkin dogarai na faɗi na yi gaisuwa, na ce riga nake so. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ƙirji ba ya sa a ba mutum riga, ko jaki yana da shi, dogari ido ne da kunne. A shekarar nan gari a tsorace yake. Mahara sun kwashe mutane a gonakin wajen Kusasu daidai ranar da aka yi gayya, kowa na cewa akwai wani a cikinmu da ke nuna musu hanya. Maƙwabci ya daina gaya wa maƙwabci inda za shi gobe. Sarkin dogarai ya ce in je in buɗe ido, abin da na gani in kawo masa yadda yake, kada in ƙara masa gishiri. Na ji ta farkon, ta ƙarshen kuwa ta bi iska.

To ina zan fara buɗe ido in ba a kan wanda na riga na tsana ba? Na lura kwana biyu a jere baffa na fita da sassafe ba kwari ba baka, sai wata tsohuwar tukunya a cikin buhu. Ya daina shiga ɗakin matarsa, ya daina cin abinci a kwano ɗaya da mu, in ya dawo sai ya wanke hannu da toka har sau uku. Na tambaye shi a kaikaice ina yake zuwa, ya ce mini abin da bai shafe ni ba ne. Haba, ai sai zuciyata ta ce ga shi nan! Rana ta uku na bi sawunsa daga nesa, muka bar gonaki, muka shiga dajin da ke wajen Kamuku, har wani kwazazzabo da ko makiyaya ba sa kai shanu. Na hau dutse na kwanta rub da ciki ina leƙe.

Can ƙasa na ga wani tsoho Bakamuke, baƙon fuska, ya hura wuta. Shi da baffa suka ɗora tukunya, suna zuba wasu 'ya'yan itace da saiwoyi, suna juyawa da dogon itace, kowa ya kauce wa hayaƙin. Da rana ta yi tsaka sai na ga abin da na zo nema. Baffa ya zare wuƙa ya tsaga damtsensa, jini ya gangaro, tsohon ya tsoma tsinke a tukunya ya kai wajen jinin, sannan ya yi maza ya share. Suka dubi juna suna gyaɗa kai, har tsohon ya dafa kafaɗarsa yana dariya. Na ce shi ke nan, rantsuwar jini ce, baffana ya sayar da gari. Abin kunya, Malam Edita, ba baƙin ciki na ji ba. Daɗi na ji, na sauko daga dutsen ina ganin kaina cikin jan rawani.

Na isa wajen sarkin dogarai ina haki. Ya saurare ni, ya tambaye ni ko na ji abin da suka faɗa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ce na ji an ambaci ƙofar gari. Ya sake tambayata ko na taɓa zama da baffan nawa na tambaye shi gaba da gaba, na ce mai cin amana ai ba ya faɗin gaskiya. Sai ya haɗa ni da dogarai huɗu. Washegari da hantsi muka faɗa musu a kwazazzabon. Tsohon ya tsere cikin duwatsu, ba a sake ganinsa ba. Baffa bai gudu ba, hannu kawai ya ɗaga yana roƙo kada a taɓa tukunyar, a yi masa komai amma a bar ta. Jin haka ni kuwa na sa ƙafa na hamɓare ta, baƙin ruwan mai kauri ya malale cikin yashi. Ya dube ni ya kira sunan Allah.

Manyan dogarai suna ganin abin suka gane dafin kibiya ne, amma tambayar ita ce na wa, kuma me ya sa a ɓoye da baƙo. Baffa ya ce ya yi rantsuwa, ba zai buɗe baki ba sai a gaban sarkin baka, shugabansu. Sarkin baka kuwa ya raka fatake hanyar Zariya, sai bayan kwana biyu zai dawo. Aka ce a ɗaure shi har lokacin. Don in nuna ba na sani ba sabo, na karɓi igiyar da kaina. Ta ɗanyar fata ce, na haɗa gwiwoyin hannunsa ta baya na ja iyakar ƙarfina. Wani tsohon dogari ya ce in sassauta, fata in ta sha rana ƙara matsewa take yi. Na yi kamar ban ji ba. Aka zaunar da shi a fili kusa da kasuwa, mutane na wucewa suna tofar da yawu, ana cewa ga wanda ya sayar da mutanen Kusasu. Mahaifiyata ta zo ta kama rigata tana kuka, ta ce mutumin da ya goya ni ranar da aka binne ubana ne, na fizge na bar ta nan.

Ranar da sarkin baka ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya zo ya yanke igiyar da wuƙarsa. Sannan ya juyo kaina, a gaban jama'a, ya warware mini jahilcina. Mai dafa wa 'yan baka dafi ya mutu tun bara, dafin da ke jikin kibanmu ya tsufa, ko gada ba zai kayar ba. Sarkin baka da kansa ya nemo tsohon nan da kyar, ya zaɓi baffa don ya fi kowa riƙe baki, ya rantsar da shi, domin in maganar ta fita mahara za su ji cewa kibanmu itace ne kawai. Ƙaurace wa mata da kwano kuwa ƙa'idar aikin ce. Jinin da na gani gwaji ne: ana barin jini ya gangaro, a taɓa ƙarshensa da dafin, in ya yi baƙi ya fara hawa sama to dafin ya nuna, sai a share kafin ya kai ga ciwon. Duk wanda ya yi wata ɗaya cikin 'yan baka ya san wannan. Kuma 'ya'yan kwankwani, itacen dafin, da aka tara na shekara guda su ne na zubar a yashi, ga shi yanzu duk kasuwa ta ji sirrin.

Hannun baffa bai dawo ba. Na hagu ya ɗan motsa bayan watanni, na dama kuwa ya shanye, yatsun suka lanƙwashe, ko loma sai da ya koyi kaiwa da hagu. Kafin damina mahara suka dawo. Ɗan baffa, wanda na ce ana ɓoye shi don ya ci gona, shi ya ɗauki kwarin ubansa ya fita. Ashe ciwon ƙirji gare shi tun yana ƙarami, shi ya sa ba a taɓa sa shi ba, ni kuwa ina gida ɗaya da shi ban taɓa tambaya ba. An ce ya harbi mutum biyu, duka sun zare kibiyar sun ci gaba da tahowa. A kan ƙyaure aka kawo gawarsa.

Rigar fa na samu. 'Yan baka sun rantse ba mai tsayawa kusa da ni, sarkin dogarai kuma ya ce shi ya aike ni, ba zai bar ni ina yawo da wannan ido babu linzami ba. Ya ba ni jan rawani, ya hana ni taɓa igiya shekara uku. Na yi aikin har Turawa suka zo suka same ni a ciki, kuma ban sake kai ƙarar mutum ba sai na zauna da shi na ji ta bakinsa. Amma wannan hankalin da hannun wani aka saya mini shi.

Na je neman gafara ba sau ɗaya ba. Baffa ya ce ya yafe, kuma na san ba ya ƙarya. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini hannun nan ya ce in duba ba. Abin da ya yi kawai, duk inda muka haɗu, ko a zauren gidanmu ne, sai ya tuɓe takalmi ya rusuna ya gaishe ni yadda talaka ke gaida dogari. Na roƙe shi ya bari har da hawaye, ya ce ai girman riga ne. Shekara goma sha wani abu ya yi yana yi mini haka, har ya koma ga Allah.

Don haka samari, masu son soja da masu son ɗan sanda, duka aiki ne na mutunci, ban hana ku ko ɗaya ba. Amma kowa ya zauna ya tambayi kansa me ke tura shi. In kwalliyar riga ce, ko son a ji tsoronka, ko haushin wani a gida, to ka dakata tukuna. In babba ya ce halinka bai dace da aiki kaza ba, ka tambaye shi dalili kafin ka ce maƙiyinka ne. Wanda kuma aka ba ikon kama mutane, ya sani abin da ido ya hango daga kan dutse ba shaida ba ne, sai an sauka an tambaya. Ni tambaya ɗaya ta gaskiya na kasa yi wa mutumin da ya rene ni. Da aka zo yi masa wanka na ce a bar ni in taimaka, aka bar ni. Na yi ta ƙoƙarin miƙe yatsun nan don su kwanta daidai a cikin likkafani, suka ƙi, haka muka binne shi da su a lanƙwashe.