Gwaggo Tana Ja Hagu

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Ƙanƙara zuwa Sheme ta hanyar 'Yargoje ya san Malam Gide na Pauwa, in ma bai san shi ba to ya san Gwaggo. Gwaggo ita ce motarsa, tsohuwar jif irin ta shiga daji, wadda ta girmi rabin fasinjojin da take ɗauka. Matan Pauwa ne suka raɗa mata sunan, wai don ba ta tashi da safe sai ta yi tari ta yi mita, kuma in ta fara magana a hanya ba mai jin ta wani. Waɗanda suka ga zuwanta sun ce koriya ce. Yanzu dai kowace ƙofa da nata launin.

Shi kuwa Gide gajere ne mai faɗin ƙirji da ɗan tsurut ɗin gemu, ga baki kamar ya ara. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a noma. Gide ya yi damina guda ya ajiye fartanya, ya ce shi ba zai iya sana'ar da mutum zai wuni yana tafiya da yamma ya ga yana nan inda yake ba. Ya faɗa tasha, ya koyi tuƙi, ya tuƙa motocin mutane har Allah ya haɗa shi da Gwaggo. A bayanta aka kai kayan ɗakin 'ya'yansa mata duka, a cikinta aka kai masu naƙuda asibiti, a cikinta kuma aka dawo da waɗanda kwana ya ƙare musu. Doka ɗaya gare shi wadda kowa ya sani: ba mai zama a kujerar direba sai shi. Ko yaron mota bai taɓa ajiyewa ba, don kada wata rana ya juya baya a taɓa masa sitiyari.

Abin da ya fi alfahari da shi a duniya, bayan Gwaggo, shi ne hannunsa na hagu. Da shi kaɗai yake tuƙi, gwiwar hannun a kan taga, tafin a saman sitiyari, har rana ta gasa shi ya fi ɗan'uwansa baƙi. Na dama ayyuka sun yi masa yawa. Shi ne sa giya, shi ne ɓare goro, shi ne ɗaga wa mutanen bakin hanya, shi ne kuma nuna fasinja da yatsa idan gardama ta kaure.

Da kakar bana ne Gwaggo ta soma ja hagu. Da farko kaɗan-kaɗan, sai Gide ya dawo da ita yana yi mata faɗa. Ran nan an ɗan wuce 'Yargoje, mota cike da mata da buhunan masara, ta tsallake titi gaba ɗaya, ta gifta ta gaban wata motar shanu da ke tahowa, ta gangara gonar wani bawan Allah ta tsaya tsakiyar dawa. Ba wanda ya ji ciwo sai kwandon ƙwan zabi. Amma a wannan zamani tsayuwa a daji ba abin wasa ba ce. Mata suka diro suna salati, suka ɗauki kayansu suka ƙarasa gari da ƙafa, ko waige babu.

Labari ya riga shi isa tasha. Shugaban tashar, Alhaji Lawwali, mutum ne mai sanyin magana, ya ja shi bayan rumfar mai shayi.

"Malam Gide, mun daɗe tare, kuma ina jin nauyinka," in ji shi. "Amma ka kai ta a duba. In ta sake barin hanya ko da taku guda ne, ba ka ƙara lodi a tashar ga."

Gide ya yi dariya ya ce ai tsufa ne ke damunta, zai yi maganinta. Amma shi bai san yadda ake wuni a gida ba. Bai san me mutum ke yi da safiya in ba ɗumama inji ba, kuma tunanin ya zauna a dakali yana kallon wasu suna lodi ya fi masa ciwo fiye da faɗawa gonar dawa.

Ya fara da mai faci. Aka auna iska, aka musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu ta hagu ta koma dama. Gwaggo ta ci gaba da halinta. Ya kai ta garejin Kamilu a nan Ƙanƙara. Kamilu ya ɗaga ta da jak, ya rungumi taya ya girgiza ta gefe da gefe, sai ga ta tana ƙwas-ƙwas. Ya ce tayarod, ƙarfen da ke juya taya, shi ne ya yi wasa, aka sa sabo. Ya kama taya sama da ƙasa ya sake girgizawa, ya ce bolojoyin, gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, ya gaji, shi ma aka canza. Sai gwaji. Kamilu ya miƙa hannu a ba shi makulli, Gide ya dube shi kamar ya nemi a ba shi aron Zulaihatu, matarsa.

"Zagaya ka zauna can," ya ce masa. "Ni za ni ja, kai ka saurara."

Suka hau titi, mota ta karkata hagu. Kamilu ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne kau, tana ja."

Matsalar tsohuwar mota ke nan, duk inda bakanike ya sa hannu sai ya samu abin da ya lalace, kuma bai yi ƙarya ba. A Faskari wani Bilya ya ɗaure igiya daga tayar baya zuwa ta gaba, ya runtse ido ɗaya, ya ce ƙafafunta sun buɗe, ya saita su. Ya sa Gide ya yi ɗan zagaye, sannan ya dafa ƙarfen kowace taya ya ji ko birki na kamawa a gefe guda. Ya ƙara ɗaure akwatin sitiyari, ya canza ganyen sifirin mai ɗaukar nauyin mota da ya tsage, ya ɗura giris har Gwaggo ta yi maiƙo kamar an toya ƙosai a ƙarƙashinta. Shi ma a kujerar fasinja ya yi nasa gwajin, shi ma ya tabbatar tana ja.

Daga nan magana ta fita hannun bakanikai ta koma hannun masana na tasha. Wani ya ce ai akwai tsamiya daidai inda ta sauka, mazauna cikinta ne suka yi kiranta. Wani ya ce hannu aka sa mata. Gide bai yarda ba a gaban mutane, amma washegari an ga sabuwar laya a jikin madubi, an kuma ga tayoyin gaba a jiƙe. Gwaggo ta sha rubutu ta ci gaba da ja hagu.

Zulaihatu ce kaɗai ba ta ce komai game da motar ba. Ita maganarta daban. Wata safiya tana tsintar butar roba da ta tsage a tsakar gida ta ce, "Malam, wai buta nawa ke nan ta kuɓuce maka tun kaka? Kuma maɓallin rigarka ni ka sa maka yanzu."

"Ke mi kika sani ga mota?" ya ce a fusace. "Ina maganar sitiyari kina maganar buta!"

"To, Allah shi ba ka haƙuri. Ka kai ta Sabuwa wurin Mas'udu mana."

Abin da Gide ke gudu ke nan. Mas'udu tsohon bakanike ne, duk yankin ba wanda ya kai shi sanin irin waɗannan motoci, amma taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Tun suna yara bai taɓa ganin Gide ya bar shi ya wuce lafiya ba, kuma duk abin da ya faɗa dole a shanye, don wasan taubasai ba a kai ƙararsa ko'ina. Sai da Alhaji Lawwali ya hana shi lodi wata ranar kasuwa, ya wuni yana kallon fasinjojinsa suna shiga motar wani, sannan ya haƙura ya kama hanyar Sabuwa shi kaɗai, yana kokawa da sitiyari.

Mas'udu ya tarbe shi da shewa. "A'a! Ga manomin dawa da mota! An ce kai ne ka fara girbi bana a 'Yargoje."

Mas'udu ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ya daɗe yana ƙwanƙwasa nan yana girgiza can, sannan ya fito yana kaɗe riga.

"Wagga ba mota ba ce, amarya ce. Komi nata sabo. Wa ya tuƙa ta cikin masu gyaran?"

"Ba mai tuƙa mani mota."

"Na sani, shi ya sa na tambaya. Kawo makulli."

"Ko kai ne ka ƙera ta."

Mas'udu bai ja maganar ba. Aka yi kiran azahar, ya ce shi zai bi jam'i, ya dawo ya tarar Gide bai ko motsa ba, yana gadin motarsa. Sai a lokacin Gide ya cire hula da agogo da makulli ya ɗora a kan bonet, ya ɗauki buta ya zagaya bayan mota inda yake zaton ba mai ganinsa. Ya riƙe ta da hagu zai zuba wa dama, ta sulale ta faɗi. Ya waiga, ya ɗauke ta ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa ya karkata. Tun kaka yake wannan dabara. Kuma da yake hagu ce, wadda ba a gaisawa da ita, ba a cin tuwo da ita, ba a karɓar komai da ita, ba wanda ya lura a tasha. Shi kansa ya gaya wa kansa sanyi ne.

Yana cikin sujada ya ji tarin Gwaggo. Ya ji an sa giya, ya ji ta fita daga gareji. Allah kaɗai ya san abin da Gide ya karanta a sauran raka'o'in. Yana sallamewa ya zabura ba ko takalmi, sai ga Mas'udu ya zagayo ya tsaya a gabansa, ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar.

"Shigo, fasinja. Gidan gaba na ba ka, don girmanka."

Gide ya shiga yana zagi, zagin da ya haɗa har da kakannin da suka haɗa. Mas'udu ya hau hanyar Dandume, ya bari sai da suka samu miƙaƙƙen wuri, sannan ya saki sitiyari ya harɗe hannuwansa a ƙirji. Gwaggo ta miƙe sak. Ba ta leƙa hagu ba, ba ta leƙa dama ba, tana tafe tana mitarta. Zagin ya yi ta raguwa a bakin Gide har ya ƙare.

Mas'udu ya gangara gefe ya kashe mota. Ya miƙo yatsunsa biyu.

"Kama da dama ka matse." Gide ya matse har sai da Mas'udu ya yi ƙara. "To, kama da hagu."

Gide ya kama. Ya tattara duk ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, amma yatsun Mas'udu suka zare a hankali ba tare da wata wahala ba. Hannun ya koma kan cinyarsa ya kwanta. Nan ya gane abin da ke faruwa tun kaka: hannun ne ke yin nauyi a kan sitiyari, ya rinjaye shi ƙasa, mota ta bi.

Ya jira tsiya, tsiya ba ta zo ba. Tun da aka haife su bai taɓa ganin Mas'udu ya samu dama irin wannan ya ƙyale ba, kuma shirun nan ya fi ba shi tsoro fiye da komai.

"Sanyi ne," ya ce da ƙyar.

"Wataƙila. Likita shi ka faɗi, ba ni ba. Gobe ni za ni kai ka Funtua."

"Wa ya gaya maka?"

"Wadda ka ce ba ta san mota ba. Tun kana hanya ta bugo mani."

Gide ya daɗe yana kallon baƙin hannun nan da rana ta gasa. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya tuna motar shanun nan, ya tuna matan da ke bayansa ran nan. Sannan ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira Alhaji Lawwali.

"An gano ciwon?" in ji Alhaji.

"An gano, Alhaji. Motar lafiyarta lau. Ka ba wani layina na lodi."

Mas'udu ya koma gareji ya ɗauko masa takalmansa da hula da agogo, suka kama hanyar Pauwa don kada rana ta faɗi suna daji. A tafiyar ce Gide ya gano cewa akwai wani ƙarfe a kujerar fasinja da ke sukar mutum a duk rami, wanda shekara da shekaru ake yi masa ƙorafi a kansa yana cewa sharri ne. Ƙafarsa ta yi ta taka birkin da babu shi. Da suka zo wata kwana bakinsa ya suɓuce ya ce, "Yi a hankali da ita, tana ja hagu." Mas'udu ya ce, "To."

Zulaihatu tana tsakar gida ta jiyo Gwaggo tun daga bakin gari, ta kuma ji yadda aka sauya giya, ta san ba mijinta ke tuƙi ba. Da ya shigo ya tarar ta shimfiɗa tabarma, ana kiran magariba. Ya tsuguna a inda ya saba alwala, ya duba bai ga buta ba. Tana hannunta.

Ya ɗaga kai ya dube ta, ya buɗe baki zai yi faɗa, ya fasa. Ya miƙa hannuwansa duka biyu, ta zuba masa.